Neman sunan Hausa: kayak da tufafin masu su a tekun sanyi

Mai tambaya, daga Runjin Sambo:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwana. Ina haɗa wani bayani da za a karanta a rediyo game da masunta na wasu ƙasashe, kuma na iso kan mutanen Ingila da Sikotilan da Nowe waɗanda ke fita teku kamun kifi da fatsa a tsakiyar sanyinsu, daga Disamba zuwa Fabrairu, kowa shi kaɗai cikin wani siririn jirgi da ake kira kayak. Tsawonsa bai fi mita 3 zuwa 5 ba, na yanzu da roba mai ƙarfi ake yin sa, kuma mai shi yana zaune ne dab da ruwa, ƙafafunsa a miƙe gaba. Na fara rubuta kwale-kwale, sai zuciyata ta ƙi natsuwa, domin mai sauraro a Wamakko ko Goronyo zai hango jirgin katako da ke ɗaukar mutane da buhunan albasa ranar kasuwa. Na gwada Hausantar da kalmar zuwa kayaki, sai na ji a kunne ta kusa zama kayanki ko kayayyaki. Ina neman shawararku a kan wannan suna, da kuma sunayen tufafin da suke sawa don kada sanyi ya halaka su.

Tsohon malamin Hausa, daga Mabera:

Wa alaikumus salam, ɗana. Abu na farko da ya kamata mu sani shi ne kalmar ba ta Turawa ba ce, su ma aro suka yi daga harshen mutanen Inuwit, mazauna Girinlan da arewacin Kanada da Alaska, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa mafi yawan shekara. Da yake babu itatuwa a can, sukan haɗa ƙashin jirgin da itacen da teku ta turo gaɓa ko da ƙashin dabba, su lulluɓe shi da fatar wata dabbar teku mai kitse wadda ta ɗan yi kama da ayu, su bar ƙofa ɗaya tak a sama daidai ƙugun mutum. Jirgin farauta ne na mutum guda, babban jirginsu na ɗaukar iyali da kaya kuwa sunansa daban, umiyak. Tun da kakanninmu suka ɗauki kalmar jirgi, wadda ta ruwa ce tun asali, suka ba jirgin ƙasa da jirgin sama, ban ga abin da zai hana mu bi sawunsu ba. Ni dai na kawo jirgin tilo, tun da tilo shi ne abin da ba shi da na biyu.

Ɗan gidan masunta, daga Kwalkwalawa:

Allah shi gafarta Malam, ina neman afuwa zan ɗan ja da baya ga wannan suna. A wajenmu duk ƙaramin kwale-kwalen da mutum ya shiga shi kaɗai da asuba ya tafi duba mamarinsa a gulbin Rima ai tilo ne, don haka sunan ba zai raba wannan jirgi da namu ba. Idan kaɗaici ake nema, gorar da masunta ke kifawa a kanta su kwanta da homa a hannu, kamar yadda ake gani a Argungu, ta fi kowane jirgi kaɗaici. Na kalli bidiyonsa sau da yawa, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne filafilin: namu kai ɗaya gare shi, ana tuƙi ta gefe guda a sauya hannu, nasu kuwa faffaɗan kai gare shi a kowane ƙarshe, ana tsoma dama a tsoma hagu ba tare da an sauya riƙo ba. Na so in ce a kira shi baki-biyu, amma kowa ya san abin da ake nufi idan an ce mutum mai baki biyu ne, ba zan so a jefi jirgin mutane da wannan ba.

Ɗalibi ɗan Sakkwato da ke karatu a Sikotilan:

Baba Malam, ina goyon bayan yayana na Kwalkwalawa, kuma akwai ƙarin hujja: ana ƙera mai mazauni biyu, kuma babu yadda za a ce jirgin tilo mai mutum biyu ba a yi dariya ba. Masu fatsa a nan ma sun fi son nau'in da ake zama a bisa bayansa, wanda cikinsa rufe yake da iska kamar gora, ruwan da ya fantsamo ya zurare ta wasu ramuka, domin idan ya kife ana iya birkito shi a sake hawa. Abin da ke fitar da su cikin wannan sanyi shi ne lokacin ne kifin kod ke matsowa gaɓa, wato dangin kifin nan da ake shanyawa a Nowe ya bushe ƙayau kamar itace a kawo shi kasuwannin Najeriya.

Amma a ganina sunan jirgin ƙaramin abu ne a kan sunan tufafin. A wannan lokaci ruwan tekun da ke kewaye da Birtaniya yakan sauka zuwa digiri 6 zuwa 10, kuma ƙa'idar da kowane mai koyarwa ke maimaitawa ita ce mutum ya yi shiga don sanyin ruwan da zai iya faɗawa, ko da rana ta fito iska ta yi daɗi. Riga iri biyu gare su. Ta farko Turawa suna kiranta jiƙaƙƙiyar riga, ta wata roba ce mai laushi da ke ɗame jiki, tana barin ɗan ruwa kaɗan ya shiga ya kwanta tsakaninta da fata, sai jiki ya ɗumama shi, kaurin robar kuma ya tsare ɗumin. Ta biyu suna kiranta busasshiyar riga, riga da wando ne a haɗe, wuya da wuyan hannu an yi musu bakin roba mai kama fata, ruwa ba ya shiga ko kaɗan, sai dai ita kanta ba ta da ɗumi, dole a sa tufafin ulu ko makamantansu a ƙarƙashinta. Ita masu su na lokacin sanyi suka fi dogara da ita, saboda mai zaune sa'o'i cikin iska da jiƙaƙƙen jiki ba zai daɗe ba. Auduga kuwa, wadda mu muka fi ƙauna, ba sa yarda da ita, domin tana shan zufa ta riƙe ta manne a jiki. Idan aka fassara sunayen nan biyu kai tsaye, mai sauraro zai ɗauka ɗaya an shanya ta ne, ɗaya ba a shanya ba.

Ma'aikaciyar jinya, daga Gawon Nama:

Malam, da izininka zan sa baki a ɓangaren da ya shafi aikina. Mu nan idan an ce sanyi, hunturu muke tunawa, da jaura da faso da jin wuta da asuba, lokacin da iska kan sauka kusan digiri 15 mu ce duniya ta ƙare. Wancan sanyi na cikin ruwa ne, kuma ruwa yana janye ɗumin jiki fiye da iska kusan sau 25, don haka kalmar ɗari ba za ta iya ɗaukar nauyin abin ba.

Abubuwa biyu ne mabambanta suke buƙatar suna, kuma haɗa su wuri guda kuskure ne da zai iya cin rai. Na farko yana faruwa ne nan take, da zarar mutum ya faɗa ruwan da bai kai digiri 15 ba: numfashi ya fizge masa ba da sonsa ba, ya riƙa haki, zuciya ta buga da ƙarfi, kuma idan kansa yana cikin ruwa a daidai wannan fizgar sai ya shaƙi ruwa, ko da gwanin iyo ne. Hausa tana da kalmar da ta dace da wannan tsaf, wato shiɗewa, don haka na kawo shiɗewar ruwan sanyi. Na biyu shi ne wanda likitoci ke kira haifotamiya, lokacin da zafin cikin jiki ya sauko daga digiri 37 zuwa ƙasa da 35. Yana zuwa ne a hankali, da makyarkyata, sai harshe ya yi nauyi, tunani ya rikice, daga baya makyarkyatar ma ta tsaya, kuma tsayawarta alama ce ta tsanani, ba ta sauƙi ba. Na ji wasu suna cewa daskarewar jiki, amma ban yarda da ita ba, domin babu abin da ya daskare, kuma mai jiran ya ga an sandare kafin ya kawo ɗauki ya makara. Na fi son zubewar ɗumin jiki.

Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada ya taƙaita wannan da lissafin 1, 10, 1: minti 1 na shawo kan numfashi, kimanin minti 10 kafin hannuwa su daina biyayya, da kusan awa 1 kafin zubewar ɗumi ta sumar da mutum, muddin akwai abin da ke riƙe da kansa a saman ruwa. Wanda aka tsamo kuwa a cire masa jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi, a kwantar da shi a hankali, a ba shi abin sha mai ɗumi da zaƙi idan yana cikin hayyacinsa, kada a murza masa gaɓoɓi kuma kada a kara shi da wuta kai tsaye.

Tsohon malamin Hausa, daga Mabera:

Madalla, Hajiya, kin ba mu abin da ba mu da shi. Na janye jirgin tilo, yaran nan sun kayar da ni da hujja. Mu bar wa Inuwit sunan abinsu, mu jingina shi da tamu kalmar mu ce jirgin kayak, jam'i jiragen kayak, kuma da yake jirgi yana gaba babu kunnen da zai ji kayanki. Tufafin kuwa da alamomin haɗari dole su fito da Hausa tsantsa, tun da mai sauraro zai yi aiki da ma'anarsu ne. Muna da ginin kalma irin na hana-salla da hana-ƙarya, sai mu kira busasshiyar rigar hana-jiƙa, jiƙaƙƙiyar kuma riƙe-ɗumi. Shiɗewar ruwan sanyi da zubewar ɗumin jiki na karɓe su yadda suke.

Ɗan gidan masunta, daga Kwalkwalawa:

Allah shi gafarta Malam, saura riga ɗaya ba a ambata ba, kuma ita ce ta fi shafarmu a nan gida, wato wadda ke hana mutum nutsewa. Ina jin ana kiranta rigar ruwa, alhali rigar ruwa a kasuwa ta tare ruwan sama ce, wanda ya aika a sayo masa zai iya samun leda mai hula. Bayan jiragen da suka kife da mutane a Shagari da Goronyo, bai kamata wannan suna ya zauna da harshen damo ba. Masu fito da na sani rigar ceto suka fi ganewa.

Mai tambaya, daga Runjin Sambo:

Na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Riƙe-ɗumi ce kaɗai nake ɗan shakka a kanta, domin rigar sanyi ta ulu ma ɗumi take riƙewa, amma da yake sau ɗaya za ta fito a bayanin zan bi ta da gajeren sharhi, in saurari abin da masu kiran waya za su ce. Ga yadda jimlar za ta fita ranar shirin: masuncin yakan shiga jirgin kayak sanye da ulu a ciki, hana-jiƙa a bisa, rigar ceto a kan duka, domin idan jirgin ya kife shiɗewar ruwan sanyi ce za ta fara tarbarsa, tun kafin a kai ga zubewar ɗumin jiki.