"Duniya rumfar kara": me ake nufi da ita a wurin ta'aziyya?

Ɗan tela, Garwa:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Jiya aka yi sadakar arba'in ta mahaifina. Da za a watse, wani dattijo abokinsa ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaro, sai haƙuri, duniya rumfar kara ce." Wallahi maganar ta hana ni barci. Baba ya fi shekara 30 a kan keken ɗinki, har idonsa ya yi rauni, sai an zura masa zare a allura. Da wannan sana'a ya gina ɗakuna huɗu, ya aurar da ƙannena mata biyu. Duk wannan a ce kara ne? Don Allah ku fahimtar da ni.

Malamin allo, Marwa:
Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ɗana, dattijon bai raina guminsa ba. Ka san yadda ake rumfar: bayan kaka a kafa gwafanni, a shimfiɗa karan dawa a sama. Kafin damina ta fita, gara ta ci rabi, ruwa ya ruɓar da sauran. Abin nufi, kada mutum ya ɗauka ya zo zama ne. Allah ya faɗa a Suratu Ali Imrana, aya ta 185, cewa kowane rai mai ɗanɗanar mutuwa ne. Kai ma ba sai ka je nesa ba. Ahmadu Ahijo haifaffen garinku ne, ya mulki Kamaru daga 1960 zuwa 1982. A Dakar ya rasu a 1989, can aka rufe shi, ko ƙasar garin da aka yanke masa cibiya bai samu ba.

Inna mai ƙosai, Kusiri:
Allah gafarta Malam, ni ban yarda a tsaya nan ba. Kullum ruɓewar karan ake faɗi, ana mance inuwar. Ku zo Kusiri a watan Afrilu, ko ku haye gada ku shiga Injamena, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ku ga yadda ake rububin 'yar inuwa. Maigidana ya rasu shekara tara ke nan. Rumfar da nake suya a ƙarƙashinta shi ya kafa da hannunsa. Sau tara na sake mata kara, amma gwafannin nasa ne, na itacen ƙirya, gara ta gagara cin su. A ƙarƙashinta na ci da marayu biyar. Duk asuba in na ɗora kasko sai na taɓa gwafar gabas, wadda ya sassaƙa a karkace, in yi masa addu'a. Ɗana, ɗakuna huɗun nan da ƙannenka da ke ɗakin aurensu, su ne inuwar babanka.

Direban tirela, Ngaundare:
Inna ta faɗi gaskiya. Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu fakewa da karin maganar. Ka bi mutum bashi, ya ce maka duniya rumfar kara. Ka ce ya sa yaro makaranta, ya ce duka nawa duniyar take.

Malamin allo, Marwa:
Na karɓi gyara, Inna. Masu fakewar kuma ba su da hujja. Ya zo a Musnad na Imam Ahmad cewa ko Alƙiyama ce za ta tashi alhali akwai dashen dabino a hannunka, in kana da iko ka dasa shi. Dogon yaron da ya lulluɓe titunan Marwa, da yawa cikin waɗanda suka yi ta ɗaukar ruwa suna ba shi, yanzu suna kabari, mu muke shimfiɗa tabarma a gindinsa.

Ɗan tela, Garwa:
Na gode, Inna, kin sa ni hawaye. Akwai rumfa a ƙofar gidanmu inda Baba ke fito da kekensa da hantsi, maƙwabta su taru ana hira. Bana bai samu ya sake mata kara ba, ciwo ya riga ya kwantar da shi. Ranar Asabar zan nemo kara in gyara. Keken yana nan a zaure da sauran zare a jikinsa, har yanzu ban iya buɗe shi ba.