Wane suna za mu ba "sibstitisiyon nikleyofil" da Hausa?

Salamu alaikum, malamai 'yan uwa. Jiya da dare a Birni, nan Damagaram, ina yi wa ƙanena bitar darasin kimiyyar sinadarai na jami'a, na rubuta CH3Br a allo, wato kabon ɗaya riƙe da haidirojin uku da bromin (Br) ɗaya, na sa OH- (haidiroksaid) a gefe. Ya hardace sunan da Faransanci sarai, amma da na ce ya faɗa mini abin da ke faruwa da Hausa, sai ya yi shiru. Tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar a 2025, aikin raɗa wa irin waɗannan abubuwa suna da Hausa ya hau kanmu.

Wani malami ya kawo "musanya". Ban gamsu ba, Malam. A musanya kowa na bayarwa ya karɓa, kamar cinikin gero da wake. Nan kuwa OH- ne ke zuwa ya kama kabon, Br- ya kwashe lantarkinsa (elektron) biyu ya tafi, a samu metanol. Wani ya tashi, wani ya zauna: maye gurbi ke nan.

Shi nikleyofil fa, wato mai zuwan nan irin OH-? Masanin sinadarai Ingold ne ya raɗa sunan a Ingila a 1933, ma'anarsa mai son cibiyar atom. Ni "manemin cibiya" ya fi kwanta mini, don da guzurin lantarki biyu yake tafe, yana neman kabon da ke da ƙarancinsu.

Inda Hausa ta fi ba ni sha'awa shi ne hanyoyin maye gurbi biyun da Ingold da abokin aikinsa Hughes suka bambance, SN2 da SN1. A SN2 baƙon, wato manemin cibiya, yana ɓullowa ta bayan kabon, shigarsa da fitar na da (irin Br-) a lokaci guda. Sai sauran hannuwan kabon uku su kife, tamkar laima idan iskar farkon damina ta buge ta a Kasuwar Dole. Masanin sinadarai Walden ya gano wannan juyin tun 1896. Na sa wa SN2 suna "tashi-in-maye". A SN1 kuma na da ne ke fara tafiya don kansa, kabon ya zauna fayau, baƙo ya shigo ta kowane gefe. Wannan "jiran gurbi" ce. Da na faɗa wa ƙanena haka, da kansa ya ce shi ya sa yawan baƙo ba ya ƙara wa SN1 sauri.

To ga nawa: "maye gurbin manemin cibiya". Ya ɗan yi tsawo, na sani. Malaman Maraɗi da Kano, yaya kuke kiran wanda ke tashi ɗin? Ni dai "mai barin gurbi" nake cewa.