Wata 9 bayan tiyatar gwiwa, har yanzu ban iya durƙusawa ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar wanda ya taɓa shiga irin halin da nake ciki.

Jijiyar ACL ta gwiwata ta dama, wato wadda ke cikin gwiwa tana riƙe ta don kada ta gurɗe, ta tsinke a wajen ƙwallo. Likita ya yanki jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwar ya dasa a madadinta, ya ɗaure da kusoshi 2. Alhamdu lillahi ƙafar ta tsaya, ba ta gurɗewa. Amma wurin da aka yanka ɗin, yau wata 9 ke nan, da na kafa gwiwa a kan darduma sai in ji kamar an soka min allura. A kan kujera nake salla, abin kuma yana cin raina ƙwarai. Saukowa daga bene ma da kyar.

Mai yi min gashin ƙashi ya ce in gwada na'urar shokweb, wadda ke harba igiyar sauti mai ƙarfi a kan jijiyar da aka yanka ɗin, sau ɗaya a mako, zama 3 zuwa 5. Kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma tsorona kusoshin nan: bugun ba zai taɓa su ko dashen ba?

Don Allah wanda aka yi wa shokweb bayan irin wannan tiyata, ya sami sauƙin durƙusawa? Bayan zama nawa?