Bishiyar ƙofar gida a New York: ta mai gida ce ko ta hukuma?

Alhaji Musa: Ni dai a ganina, tunda doka ta ɗora wa mai gida share gefen titin ƙofarsa da gyaran simintinsa, bishiyar da ke wurin ma tasa ce. In rassanta sun rufe taga ko saiwarta ta ɗaga siminti, ya ɗauko zarto ya rage. Neman izini na me?

Malam Sani: Alhaji, a nan ne 'yan uwa a Bronx, ɗaya daga gundumomin New York, ke faɗawa matsala. Duk bishiyar da ke tsakanin bakin kwalta da iyakar filinka tana hannun hukumar lambunan birni, ko da kai ka dasa ta. Datsa reshe, sare saiwa, tuge ta, duk sai da takardarsu. Wanda ya sare ko ya lalata ta, tara na iya kaiwa dala 15,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba. Sannan ga diyya, wadda ake lissafawa da kaurin kututturen, saboda haka babbar bishiya ɗaya sai ta ci kuɗin ƙanana masu yawa.

Alhaji Musa: To ai zaluncin ke nan, Malam. Bishiya tasu, fasasshen siminti nawa?

Hajiya Binta: An rage wannan, Alhaji. Tun 2019 birnin ya daina rubuta wa gidajen iyali ɗaya zuwa uku takardar laifi idan saiwar bishiyar hukuma ce kaɗai ta fasa wurin, kuma akwai shirin da ke gyara irin waɗannan gidaje kyauta. Amma inda nake tare da kai shi ne jira. Ana zagayo kowace unguwa askin bishiyoyi ne kamar bayan shekara 7. Ka kira 311, lambar kai koke ga hukumar birni, mai dubawa ya zo, in ya ga ba haɗari a kusa, sai ka bi layi.

Malam Sani: Jiran akwai shi, Hajiya, amma ki dubi abin da zarton gida ke yi. Mutum ya kama babban reshe daga sama da yanka ɗaya, nauyinsa ya karye shi kafin a gama, ya ɓare ɓawo har ƙasan kututture. Masu aikin sau uku suke yanka: a fara ɗan tsaga ta ƙasa, kamar ƙafa ɗaya daga jiki, a yanke ta sama gaba kaɗan reshen ya faɗi, sannan a cire guntun dab da kumburin nan na gindin reshe, ba tare da an taɓa kumburin ba. Shi ne ke rufe ciwon. In an aske shi, ruɓa ta samu ƙofa. Masu gundule kan bishiya kuwa, tohon da ke fitowa ba ya da ƙarfin riƙo, shi iska ke fara ɓallewa. Ba a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyenta a lokaci guda.

Injiniya Garba: Saiwa ta fi reshe haɗari. Yawancinta tana cikin ƙafa 2 na saman ƙasa, a baje. Ka sare manyan da ke ɓangaren gida don a zuba siminti, bishiya ta yi shekaru da ganyenta kore shar, ranar guguwa ta kwanta kan motoci. Shi ya sa ko haƙa za a yi cikin ƙafa 50 daga bishiyar titi sai da izini. Rassan da ke taɓa wayar wuta kuma aikin kamfanin wutar lantarki Con Edison ne, kar kowa ya ɗora tsani.

Hajiya Binta: Kuma akwai hanyar halak ga mai son riƙe almakashi. Ƙungiyar Trees New York na koyar da askin bishiya, a ci jarrabawa a samu lasisi. Ƙanana kawai za ka taɓa, kana tsaye a ƙasa, da kayan hannu.

Alhaji Musa: Dasawa fa? Kar ku ce wannan ma laifi ne.

Injiniya Garba: Sai da izini, Alhaji. Su ke amincewa da wurin da irin bishiyar, kaurinta aƙalla inci 2 da rabi, kuma a kira 811 kafin haƙa saboda bututun gas da wayoyin ƙasa. Mai sabon gini ma dole ne ya dasa ɗaya a kowace ƙafa 25 ta fuskar filinsa.

Alhaji Musa: Na sallama kan saiwa da waya. Amma reshen da bai fi yatsa ba da ke shafar kan mutane, har yanzu ban ga dalilin da zai sa a jira shi shekara 7 ba.