Dillali zai mayar wa mai sayen gida wani kaso na la'adarsa a Amurka: yaya abin yake?

Ummu_Safwan:
Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka san harkar gidaje a Amurka. Akwai dillalan da ke talla cewa in ka sayi gida ta hannunsu za su mayar maka da wani abu daga la'adarsu. Wannan ya ce kashi 1 cikin 100 na kuɗin gidan, wancan ya ce rabin abin da ya samu. Doka ta yarda da haka? A hannu ake ba mutum kuɗin? Kuma za a iya zuba shi cikin kuɗin kafin alƙalami? A ɗauka gidan na dala 400,000 ne, kuma da rancen banki za a saya.

Baban_Iman:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Doka ta yarda a yawancin jihohi, amma ba duka ba. Daga cikin waɗanda suka hana akwai Alabama, Alaska, Kansas, Misisipi, Misuri, Oklahoma, Oregon da Tenesi. Dokar jihar da gidan yake ita ce abin dubawa, ba ta jihar da kike zaune ba, kuma hukumar da ke ba dillalai lasisi a jihar ce za ta faɗa miki matsayin da ake ciki yau, don dokokin suna canzawa. Kentaki ma da ta hana, sai da Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ta kai hukumar dillalanta kotu a 2005 sannan aka janye.

Sai ki san inda kuɗin ke fitowa. A al'ada mai sayarwa ke biyan la'ada, kashi 5 zuwa 6 cikin 100, a raba tsakanin dillalinsa da dillalin mai saye. In rabon dillalinki kashi 2.5 ne, a gidan dala 400,000 ya tashi dala 10,000. Amma wannan kuɗi ba aljihunsa yake shiga kai tsaye ba, kamfanin dillancin da yake aiki a ƙarƙashinsa ake biya, kamfanin ya cire nasa ya ba shi saura. Nan ne maganar "rabi" take da rami. Rabin dala 10,000 dala 5,000 ne. In kuwa kamfanin ya fara cire kashi 30, saura dala 7,000, rabinta dala 3,500. Shi kuma mai cewa kashi 1 na kuɗin gida, dala 4,000 yake nufi. Kin ga mai alkawarin rabi zai iya ba ki ƙasa da mai alkawarin kashi 1.

Tun 17 ga Agusta 2024, bayan sulhun dala miliyan 418 da ƙungiyar dillalai ta NAR ta yi, tsarin ya sauya. An daina rubuta abin da za a ba dillalin mai saye a rumbun tallan gidaje na MLS, kuma dole ki sa hannu a yarjejeniya da dillalinki kafin ya fara zagayawa da ke gidaje. A cikin wannan takardar ake rubuta maganar mayar da kuɗin, ba a saƙon waya ba. A rubuta adadin da lamba, a faɗi ko kafin cirewar kamfani ne ko bayanta, kuma shugaban kamfanin ya amince, tunda kuɗin ta hannunsa zai bi. Ki duba ko akwai sharaɗin mafi ƙarancin la'ada. Wasu suna rubuta cewa sai sun riƙe wani adadi tukuna, abin da ya haura shi ne naki, to in mai sayarwa ya biya kaɗan sai ki tashi a tutar babu.

Injiniya_Lissafi:
Bayanin Baban Iman daidai ne, amma wurin da aka fi yin asara shi ne wajen banki, kuma mutane ba sa tunawa da shi sai makon ƙarshe.

Amsar tambayarki ta uku: a rancen da ke bin ƙa'idar Fannie Mae, kamfanin da gwamnati ke mara wa baya mai sayen rancen gidaje daga bankuna, a'a, ba a zuba shi a kafin alƙalami. Dalili kuwa dillali yana cikin masu cin moriyar cinikin, kamar mai sayarwa da magini, don haka duk abin da ya ba ki ana lissafa shi a gudummawar masu ruwa da tsaki. Wannan gudummawa kuɗaɗen kammala ciniki kawai take biya: kuɗin sarrafa rance, binciken takardun mallaka, inshorar shekarar farko, harajin gida da ake ajiyewa tun gaba, da makamantansu.

Kuma tana da iyaka. A gidan da za ki zauna a ciki, in kafin alƙalaminki bai kai kashi 10 ba, iyakar kashi 3 ce na kuɗin gidan. Daga kashi 10 zuwa ƙasa da 25, kashi 6. Daga 25 zuwa sama, kashi 9. Gidan haya kuwa kashi 2 kacal. A rancen da hukumar gidaje ta tarayya, FHA, ke tsaya wa, iyakar kashi 6 ce.

Ga yadda abin ke lalacewa. Kin ajiye kashi 5, iyakarki dala 12,000. Bayan duba lafiyar gida kin matsa wa mai sayarwa ya yarda zai ɗauki dala 10,000 na kuɗin kammalawa. Gurbin da ya rage dala 2,000 ne, ke kuma dillali ya yi miki alkawarin 4,000. Abin da ya haura iyaka, banki zai ɗauke shi a matsayin ragin farashi, ya sake lissafin rancen a kan ƙaramin farashi, wato ki ƙara kuɗi daga aljihunki. Haka in duka kuɗin kammalawar dala 9,000 ne amma gudummawar ta kai 12,000, ba za a miƙo miki rarar ba. Mafita biyu ce: ko a nemi mai sayarwa ya rage farashin gidan maimakon ɗaukar kuɗin kammalawa, ko kuma, in gudummawar ba ta haura iyakar ba, a yi amfani da rarar a sayi ragin kuɗin ruwa, inda maki ɗaya yake daidai da kashi 1 na rancen.

Saboda haka ki gaya wa jami'in rance tun ranar da kika cike takardar nema, ki ba shi kwafin yarjejeniyar. Kuɗin ya fito ƙarara a takardar lissafin ƙarshe, Closing Disclosure, wadda doka ta ce a ba ki aƙalla kwana uku na aiki kafin ranar sa hannu. In ba ki ga layinsa ba, ki yi magana a ranar. Duk dillalin da ya ce "bari a gama, zan rubuta miki ceki ba sai banki ya sani ba", ki ƙi. Ɓoye wa banki kuɗin da ya shafi cinikin yana iya zama zambar rance, kuma sa hannunki ne a kan takardun. Mai saye da tsabar kuɗi ba shi da wannan ciwon kai.

Ummu_Safwan:
Allah ya saka da alheri. To haraji fa? Za a ɗauke shi a matsayin kuɗin shiga?

Anti_Akanta:
A hukuncin da hukumar haraji ta IRS ta bayar a 2007 ga wani kamfanin dillanci, ta ɗauke shi a matsayin ragin farashin saye, ba kuɗin shiga ba. Hukuncin na wanda ya nema ne, amma shi masu lissafin haraji suke bi. Illarsa ɗaya: kuɗin da ake cewa kin sayi gidan ya koma dala 396,000, to ranar sayarwa ribar da za a lissafa ta ƙaru da 4,000. Ga wanda ya zauna a gidan shekara biyu cikin biyar na ƙarshe, ana yafe haraji a kan ribar da ta kai dala 250,000, ko 500,000 ga ma'aurata masu haɗa takardar haraji, don haka yawanci ba ya taɓa komai. Ki dai adana takardar lissafin ƙarshe.

Alhaji_Magini:
Ni a ganina tun sauyin 2024 ya kamata a tambayi kai ko mayarwar ce ma ta fi. Yanzu dillalinki ba zai karɓi fiye da abin da kuka rubuta ba. In kun rubuta kashi 1.5, sai ki nemi mai sayarwa ya biya 1.5 kawai, ki yi amfani da sauƙin da ya samu ki sauko da farashi. Ba iyakar banki, ba jiran ganin kuɗin a takardar lissafin ƙarshe, kuma wannan hanya tana aiki har a jihohin da suka hana mayarwa. Mayarwa ta fi amfani ga wanda tsabar kuɗinsa ta yi ƙaranci ranar kammalawa. Akasin haka ma yana faruwa: kun rubuta 2.5, mai sayarwa ya ce 2 zai biya, cikon dala 2,000 a kanki yake, ya cinye rabin abin da za a mayar miki.

Ki kuma tambayi abin da aka rage a hidima. Wasu masu mayarwa suna ƙayyade yawan gidajen da za su nuna miki, wasu ba sa zuwa ranar duba lafiyar gida. Dillalin da ya kasa ƙwato miki gyaran rufin dala 8,000 bai taimake ki da 4,000 ɗinsa ba.

In sabon gini kike so, kada ki shiga ofishin magini ke kaɗai ki rubuta sunanki. Da yawansu ba sa biyan dillali la'ada sai in shi ya kawo ki ko ya yi miki rajista a ziyarar farko, kuma in babu la'ada babu abin da za a mayar.