"Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga": ta dace da juyin juya hali?

Malam Sabo: Assalamu alaikum jama'a. Karin maganar yau kowa ya san ta: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mun saba jin ta a kan 'yan'uwa ko miji da mata, da zarar sun saɓa sai magulmaci ya samu ƙofa. Ina karanta tarihin juyin juya halin Faransa sai ta faɗo mini a rai. Ranar 14 ga Yuli 1789 mutanen Paris suka afka wa kurkukun Bastille, fursunoni bakwai kacal suka tarar a ciki. Wannan ne zai kayar da sarautar ɗaruruwan shekaru? Ni dai ban yarda ba. Bashi ya riga ya yi wa Sarki Louis na 16 katutu, har da wanda aka ci wajen taya Amurka yaƙi da Ingila, amfanin gonar 1788 kuma ya lalace. Dole ce ta sa ya kira majalisar wakilan ƙasa, wadda rabonta da zama tun 1614. Na yi daidai in na ce bangon ne ya tsage?

Hajiya Kulu: Wa alaikumus salam. Allah gafarta Malam, bangon na yarda da shi, ƙadangaren ne ban yarda ba. A karin maganar nan ƙadangare baƙo ne, mai shigowa ya ɓata. Matar da ta rasa abin ba 'ya'yanta ta fito titi, ita ce ƙadangaren? Ai gidanta ne. Tata karin maganar ita ce tura ta kai bango. Dubi Mohamed Bouazizi, mai tura baron kayan marmari a Sidi Bouzid ta Tunisiya. An ƙwace masa kaya, ya cinna wa kansa wuta ranar 17 ga Disamba 2010, kafin wata guda ya cika shugaban ƙasar, Ben Ali, ya tsere Saudiyya bayan shekara 23 a kan mulki.

Ɗan Auta: Hajiya, ki yi haƙuri in sa baki a maganar manya. In da tura ta kai bango kaɗai ke kawo juyin juya hali, da kullum ana yi, don talakan da aka tura bango ba ya ƙarewa a duniya. A 1989 ɗalibai sun cika dandalin Tiananmen a Sin makonni, aka turo soja, soja ya yi harbi, gwamnati na nan har yau. A Petrograd ta Rasha kuwa, 1917, mata suka fito kan burodi, aka ce soja ya harbe su, bayan 'yan kwanaki sojan ya juya ya bi masu zanga-zanga, Sarki Nicholas na 2 ya sauka. Fushin ɗaya ne. Bambancin shi ne ko mai riƙe da bindiga zai bi umarni.

Malam Sabo: Yaro ka burge ni. Wato bango biyu ke nan: wanda talaka ya jingina da shi in an tura shi, da wanda mai mulki ya fake a bayansa. Hajiya na maganar na farko, ni na biyu. Amma na karɓi gyara, ba zan ƙara kiran talaka ƙadangare ba.

Baba Ilu: Kada ka yi saurin janyewa, Sabo. Ƙadangaren yana nan, ba ku dai duba inda yake ba. Ba ya cikin masu fasa bango, jira yake a gefe yana gyaɗa kai har ƙura ta lafa. A Faransar taka an sare kan sarki a Janairu 1793, masu juyin suka koma cin junansu. Robespierre, jigo a cikinsu, ya aika ɗan'uwansa na juyi Danton aka sare masa kai a Afrilu 1794, shi ma a Yuli aka kai shi. Da kowa ya gaji, wani janar mai suna Napoleon ya karɓe mulki a 1799, a 1804 ya ɗora wa kansa kambi. An kori sarki, an samu sarkin sarakuna. Masar fa? Kwana 18 aka yi a Tahrir, Mubarak ya sauka a Fabrairu 2011, a Yuli 2013 Janar Sisi ya tumɓuke zaɓaɓɓen shugaba Morsi. Ni a nan abin da nake faɗa shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hajiya Kulu: Baba, yau an mai da talaka kura kuma? Daga ƙadangare sai kura, Allah ya kyauta. Amma wannan ta fi zama mini, don kurar gardi a ɗaure take, ba ita ta zaɓi wasan ba.

Mai Nazari: Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Shi ke nan tarihin dauloli gaba ɗaya.

Ɗan Auta: Yaya, wannan ai kowa za ka iya faɗa wa. Ba ta gaya maka yaushe ba, ba ta gaya maka don me ba. Jifan Rumawa ya yi ƙarnuka a sama, na Napoleon daga kambi zuwa shan kayensa a Waterloo a 1815 shekara 11 ne. Da jifa ɗaya za a auna su?

Mai Nazari: To ba don hasashe ake yin ta ba, don jan kunnen mai jifan ne. Da an faɗa wa Napoleon ita kafin ya kwashi dakaru wajen 600,000 ya nufi Rasha a 1812, ya dawo da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Baba Ilu: Da ya ji? Daular da takobi ya gina ba ta iya zama wuri ɗaya, don soja da ganima ake riƙe shi, in yaƙi ya tsaya kai zai juyo wa. A kan dauloli ne ma karin maganar Sabo ta zauna daram, don a nan ƙadangaren baƙo ne na gaske. Songhai ta fi kowa ƙarfi a bakin Kwara, amma 'ya'yan Askiya Dawud sun yi yaƙin basasa a kan gado a 1588. Shekara uku bayan nan Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ya turo Judar Pasha da 'yan dubbai suka keto Sahara, suka karya rundunar Askiya Ishaq na 2 a Tondibi, 1591, alhali ta ninka su yawa.

Ɗan Auta: Baba, anya ba bindiga ba ce? Maroko na da bindigogi, Songhai na da mashi da baka. Har shanu suka koro don su tarwatsa baƙin, ƙarar harbi ta juyo da su kan masu su. Ko bangon lafiya lau yake, harsashi zai huda shi.

Baba Ilu: Bindiga ta ci Tondibi, ban musa ba. Amma rana ɗaya aka yi Tondibi. Me ya hana daula mai wannan faɗi ta sake haɗa kai ta kori mutanen da ke nesa da gida, ciwo na cin su? An tuɓe Ishaq, aka naɗa ɗan'uwansa, Marokawa ma suka naɗa nasu Askiyan a Timbuktu, daga cikin gidan sarautar suka samo shi.

Hajiya Kulu: To shi wannan Askiyan da baƙo ya naɗa, Baba, a wane layi za mu sa shi? Ɗan gida ne, ba za a ce masa ƙadangare ba.

Malam Sabo: Shi ne tsagar da kanta, Hajiya. Ɗan Auta, ka duba mana yadda Cortés na Sifaniya ya ci daular Aztec ta Meziko a 1521, ka ƙirga Sifaniyawan, sannan ka ƙirga mutanen Tlaxcala, 'yan ƙasar, da suka rufa masa baya, gobe ka zo mu ji ko har yanzu bindiga kake ba wa gaskiya.