Ruɓaɓɓen kayan gwari: ko za mu iya mayar da shi taki a cikin kasuwa?

Sakataren 'Yan Gwari:
Assalamu alaikum. Ina cikin shugabannin wata ƙaramar kasuwar kayan gwari a Kano, kuma duk lokacin da kakar tumatir ta kama, ruɓaɓɓen tumatir da ganyen kabeji da ɓawon kankana sukan taru a bayan rumfuna har su toshe magudanar ruwa kafin motar shara ta iso. Muna da wani fili da ba a komai da shi. Shin za mu iya sarrafa wannan shara a nan, maimakon mu riƙa biyan kuɗi ana kai ta bola, ba tare da wari ya kori masu saye ba?

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Zai yiwu ƙwarai, kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano, domin tun kaka da kakanni manoman da ke kewaye da birni suke shigowa da jakuna su ɗebi juji a mangala su kai gona. Leda ce ta rage wa wannan taki daraja, saboda haka aikin farko shi ne kowace rumfa ta ajiye kwando biyu, ɗaya na abin da ke ruɓewa, ɗaya na leda da roba.

Matsalar kayan gwari ita ce yawan ruwa, domin fiye da kashi 90 cikin 100 na tumatir ruwa ne, kuma idan aka jibge shi shi kaɗai iska ba ta ratsa shi, daga nan wari yake tasowa. Ku nemi buntun shinkafa, wanda yake da yawa a wajen masu casa a Kura, ko karan dawa da aka daddatsa. Ku shimfiɗa busasshe kashi biyu, ɗanye kashi ɗaya, ku barbaɗa kashin shanu ko na kaji, ku maimaita har tulin ya kai ƙugun mutum, sannan ku rufe samansa da busasshe saboda ƙuda. Idan kuka damƙi haɗin, ya kamata ya jiƙa hannu amma kada ruwa ya zubo. Bayan 'yan kwanaki cikinsa zai ɗauki zafi tsakanin digiri 55 da 65, wanda yake kashe irin ciyawa da ƙwan ƙuda, kuma za ku gane haka idan kuka soka rodi kuka zaro shi da zafi. A riƙa juyawa duk mako, a yi masa rumfa da damina, a yayyafa ruwa da hunturu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya koma ƙamshin ƙasa.

Maman Ɗalibai:
Alhaji, ina roƙonku kada ku bar wannan niyya. Abin da ke ruɓewa a ƙarƙashin tulin bola yana fitar da iskar metan mai kamawa da wuta, wadda ta ninka iskar kabon kusan sau 28 wajen ɗumama duniya, kuma baƙin ruwan da ke tsatsafowa daga bola yakan gurɓata rijiyoyin unguwa. A watan Maris na 2017 bolar Koshe da ke Addis Ababa ta rufta ta hallaka mutum fiye da 100, haka kuma ta Kiteezi a Kampala ta danne gidaje a watan Agustan 2024.

Mai Kiwo:
Ni shawarata, Alhaji, ita ce ganyen kabeji da ɓawon kankana da ba su ruɓe ba a ware wa masu awaki da tumaki tun da safe, domin za su saya. Idan kuma aka zo muku da maganar tankin iskar girki, wato tankin da ake zuba shara a ciki ta ruɓe ta fitar da iskar gas ta girki, ku yi a hankali, saboda tsamin tumatir da ɓawon lemo yana raunana ƙananan halittun da ke samar da iskar, sai an riƙa haɗawa da kashin shanu ko tumbi daga kwata a kai a kai. Ku fara da takin, ku ɗauki matashi ɗaya ya zama aikinsa ke nan, ku biya shi daga kuɗin da manoman rani za su sayi buhunan.